Likkafanin Malam Ɗanliti

Tun da Malam Ɗanliti na Badafi ya haura saba'in, ya sayo farin yadi ya ajiye a ƙasan adaka, wai likkafaninsa. Sharaɗinsa guda ne, auduga zalla. Ya sha tono leda a gonarsa ta rani, shekara goma ƙasa ta ƙi cinta, ya kuwa rantse ba za a ƙunshe shi a leda kamar ƙosai ba.

Wata Laraba Labaran tela ya ta da masa hankali. Ya ce yadin zamani duk haɗi ne da roba, amma gwajin ba wuya: a ƙona ɗan ƙyalle, auduga ƙaurin takarda take yi, roba kuwa warin leda.

Malam ya koma gida ya yanki ƙyalle, ya ƙyasta ashana, ya shaƙa. Kifi ya ji. Shekara arba'in yana bandar kifin Tiga, hancinsa ko turare aka miƙa masa tarwaɗa yake ji. Ya sake yanko babba don hayaƙi ya wadata. Kifin dai.

Sai ya fito ƙofar gida da yadin da almakashi, ya kira maƙwabta. Ɗantani mai shayi ya shaƙa ya ce ƙaurin tuwo ne. Na gaba ya ce warin taya ne. Kowa kuma sai an ƙona masa nasa, don a cewarsu hanci ba ya karɓar shaidar hanci. Kafin la'asar unguwa ta rabu biyu, 'yan takarda da 'yan leda, har da cin kwala. Wani ma ya ɗauki kamu biyu a babur zuwa garin Ƙofa wajen surukinsa da ya yi suna wajen jin wari, ya dawo ya ce ya tarar da shi yana mura.

Ana cikin haka Luba, matar Malam da suka shekara arba'in da biyar tare, ta dawo daga gidan suna da gudu, ta zaci gobara ce. Da ta ji labari, sai ta duƙa ta ɗebi tokar ta murza. Laushi kamar gari.

"Malam, ai toka ake dubawa," in ji ta. "Roba narkewa take yi ta dunƙule. Wannan auduga ce, ko wadda na kaɗa da hannuna ba ta fi ta ba."

Daɗi ya kama Malam har ya yi hamdala sau uku. Sannan ya dubi abin da ya rage a hannunsa.

Ya shige tsakar gida, ya shimfiɗa tabarma, ya kwanta ya ja yadin. In ya rufe kai, ƙwauri a waje. In ya rufe ƙwauri, gemu a waje. Ya juya ta hannun dama, ya naɗe gwiwa, ya maƙale kafaɗa, har ya shige ciki tsaf, ya yi lamo.

"Luba, duba min, ƙafa ta shiga?"

Luba ta zo ta tsaya a kansa. Tun ƙuruciya take yi wa shirmen mutumin nan dariya, yau dariyar ta ƙi zuwa. Tsoro ne ya kama ta, da tausayin kanta.

"Luba?"

"Ta shiga," ta ce. "Malam, don girman Allah ka tashi. Ba zan iya kallo ba."