Jirgin Autan Inna Suwaibatu

Da Mas'ud ya zo gida Yankara ya faɗa wa mahaifiyarsa cewa zai zagaya duniya a jirgin ruwa, Inna Suwaibatu tana tankaɗen garin dawa ne a tsakar gida. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Auta, wace duniyar?"

"Wannan dai da muke ciki, Inna."

"To, Allah shi kiyaye. Miƙo mani ƙwaryar can."

Ta ɗauka wasa yake yi. Mas'ud kafinta ne, ya daɗe a Legas yana aiki wurin masu ƙera jiragen ruwa. A can ya haɗu da Hadi, ɗan masunta daga Yawuri, suka shekara suna haɗa nasu jirgin da hannunsu, katako bayan katako. Sai da ya nuna mata hoton a waya sannan ta ajiye rariya. Jirgin bai fi rumfar mai shayi tsawo ba, ga wani dogon ƙyalle a tsaye wanda ya ce shi iska ke turawa. A gefensa an rubuta INNA da shuɗin fenti.

Ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Ta ce ko kwalekwalen dam ɗin Mairuwa ita ba ta yarda da shi ba. Mas'ud ya durƙusa, sai da ta gaji ya ce in ba ta sa albarka ba, zai sayar da jirgin. Ta dube shi, ta ga yadda ya faɗi maganar kamar ana zare masa rai. Washegari ta tafi kasuwa da kanta. Ta sayo kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta daka yaji mai citta, ta yi garin kunu da dakuwa, ta ɗura man shanu a galan.

"In za ka tahi, ka tahi da ƙoshi," ta ce, ta dafa kansa.

Daga nan gidan ya koma kamar gidan rediyo. Duk lokacin da jirgin ya isa wani gari, Mas'ud zai turo saƙon murya a wayar yayarsa Hussaina, matan unguwa su taru a gindin dalbejiya. Sun ji labarin kifin da ke tashi sama ya faɗo cikin jirgi da kansa, Hadi ya soye shi da man shanun Inna. Sun ji na wani kifin da ya fi ɗakinta girma, ya bi su yini guda yana huci. A Birazil wata mai sayar da abinci ta ɗanɗana yajin, ta yi ta hawaye tana roƙon ƙari. Inna takan sa a maimaita saƙo har sai ta haddace, in ta je gidan suna a Faskari ta ba da labarin kamar da ita aka yi.

Abu ɗaya ne ya dame ta, ta sa Hussaina ta tambaye shi: ina yake samun alƙibla a tsakiyar ruwa? Ya ce da na'ura da rana, kuma akwai inda suka kai, sai da suka juya wa gabas baya sannan suka fuskanci Ka'aba. Ta kai maganar wurin liman, ya ce daidai ne. Ta dawo tana ta mamaki.

A damina ta biyu saƙo ya ɗauke. Aka yi noman farko, aka yi maimai, shiru. Inna ta daina zama gindin dalbejiya, ta rame, ko an gaishe ta sai ta ce da godiya kawai. Ran nan da hantsi tana shanyar kuɓewa sai ga Hussaina a guje ba mayafi, waya a sama.

"Inna, guguwa ce ta same mu, ta karya mana itacen ƙyalle, ruwa ya kashe wayar," in ji muryar Mas'ud. "Amma lafiya lau muke. Muna Indunisiya, masunta sun taya mu gyara, har Juma'a mun yi da su. Kuka dai ta ƙare."

Inna ta zauna daɓas a ƙasa, ta yi hamdala, sannan ta rangaɗa guɗar da aka ji har bakin titi.

Da suka kewayo ta Afirka ta Kudu suka doshi gida, ta ce ba za ta jira a Yankara ba. Ita da ba ta taɓa wuce Zariya ba ta hau mota da Hussaina har Legas. Tana tsaye a bakin teku ta hango ɗan farin ƙyalle yana matsowa. Mutumin da ya sauko ya yi baƙi ƙirin, gemu buzu-buzu, sai haƙora. Ya zube a gabanta, ta riƙe fuskarsa tana dariya, hawaye na zuba.

"Inna, ki shigo ki ga ɗakinmu," ya ce.

"Ni? Cikin wannan akushin?"

Amma ta tattare zane, Hadi ya riƙe mata hannu, ta shiga da bisimilla. Suka ɗan ja daga gaɓa. Da fari ta ƙanƙame katako, idonta a rufe. Da iska ta cika ƙyallen jirgin ya miƙe sumul, sai ta buɗe ido ɗaya, ta buɗe na biyu. Ta sunkuya ta ɗebo ruwa a tafin hannu ta kai baki, ta tofar da sauri.

"Kai! Wa ya zuba gishiri haka?"

Hussaina na daga gaɓa tana ɗaga hannu su dawo. Inna ta gyara zama, ta ɗaure ɗankwalinta da kyau.

"Ƙyale ta, Auta. Mu ƙara gaba kaɗan."