Hannun Sajan Abduttawwab

Ni na fara gani, kafin darakta, kafin ita kanta kyamarar. Ban taɓa zama a aji ba, amma shekara arba'in ina riƙe fitila a wurin ɗaukar fim a Alƙahira. Daraktoci shida na raka makabarta, ga ni nan ina kurɓar shayina.

Sajan Abduttawwab ya ajiye aikin ɗan sandan titi da sunansa fes. Duk unguwar Shubra an yarda ko karan sigari bai taɓa karɓa ba, shi ya sa shi ake sawa gaba in za a je neman aure. Sunan nan kaɗai ya tara. Fim kuwa an ɗauke shi ne ya tsaya can baya da kaki, ya cika wuri.

Ranar ana ɗaukar inda jarumi Midhat, ɗan sandan fim ɗin, zai karɓi kuɗin shayi, wato na goro, a hannun direban tasi. Sau goma sha ɗaya ana sakewa. Sai ya waiga hagu da dama, ya zare ido, ya fizgi kuɗin kamar shaho ya ga ɗan tsako. Sajan yana ta cije leɓe, don shi ba ya iya kallon ana ɓata aiki. Can ya kasa daurewa.

"Ɗana, wa ya ce maka ana waige? Ɓarawo ke waige. Kai hukuma ce."

"To Baba Sajan, zo ka koya mana," in ji darakta yana dariya.

Ya matsa jikin tasi, ya karɓi lasin, ya buɗe, ya tambayi lafiyar tsohuwar direba, ya yi masa faɗa kan fitilar baya, ya mayar masa da lasin. Takardar kuɗin da ke ciki ta yi layar zana. Ni kaɗai na ga shigarta hannun riga.

Kowa ya zuba masa ido. Sajan ya share goshi. "Gani na yi ana yi."

"Wallahi Baba, idonka ya yi karatu mai zurfi," in ji Midhat.

Darakta ya dinga roƙo har Sajan ya yarda a ɗauki hannunsa kawai, ban da fuska, ban da suna.

Da fim ya fito, maƙwabta suka ja shi silima, har da matarsa Ummu Magdi. Sai ga hannu ya cika allo, da karkataccen ɗan yatsan da ƙofar bas ta taɓa datsewa. Jama'a na ta tafi, shi yana ta gumi. Suna rufe ƙofar gida Ummu Magdi ta juyo gare shi.

"Shekara talatin ina yanke farcen hannun nan."

"Hajiya, ai wasa ne."

"Naman da muke ci duk Juma'a, shi ma wasa ne?"

Ya zauna daɓas. "Kina sane?"

"'Ya'ya huɗu a albashin sajan? Ci na yi, na goge baki. Maƙwabta fuska suke kallo. Ka sa hannun a aljihu har a sauke fim ɗin."

Wata guda ya yi yana gaisawa da ka, wai sanyin ƙashi. Har yau shi ake sawa gaba a neman aure.

Mai musu ya je Shubra da takardar fam ashirin a tafin hannunsa, ya miƙa masa su gaisa, sannan ya dawo ya faɗa mini ko ya ji lokacin da takardar ta tafi.