Tsatsar Motar Malam Ɗantani

Gishiri ne ya ci motar. Shekara goma sha tara Malam Ɗantani yana ɗaukar ɗanyun fatu daga mayanka zuwa majema a wannan akori-kurar, ruwan gishirin da ake barbaɗa musu yana tsiyaya ta gefe, har ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofin biyu, inda ake taka ƙafa a hau, ya koma kamar rariya. Ɗansa Muttaka ne ke tuƙa ta tun da idon tsohon ya fara rauni.

Da Malam ya rasu Muttaka bai yi kuka ba. Ya ɗauki makara, ya dawo ya zauna a tabarma a ƙofar gidansu na Yakasai, ana ce masa ya haƙuri yana cewa da godiya. Ya duba cikinsa ko zai ji wani abu, bai ji komai ba.

Bayan sadakar bakwai Baffa Ilu, ƙanin marigayin, ya kawo wani dillalin motoci mai suna Nura ya duba ta. Nura ya zura yatsa a ƙarƙashin ƙofa, yatsan ya wuce har wuyan hannu. Ya ce wannan kam sai 'yan gwangwan. Magada tara ne, babu wanda ya yi marmarinta, sai aka yi magana da baki cewa in an zo rabo bayan arba'in za a saka ta a kason Muttaka. Shi ma abin da yake so ke nan. Ba shi da wata sana'a, da ita yake ci da iyalinsa.

Da mai wayo ne, da ya naɗe hannu ya jira. Muttaka kuwa zaman ne ya gagare shi. Aikin fatu ya tsaya tunda mota ta zama dukiyar gado, gida kuma ko'ina ya juya sai ya ga buzun tsohon ko butarsa. Kuɗin fanal-bita ba shi da su. Sai ya taka zuwa Ƙofar Wambai ya samo ƙofar wani mataccen firji, da ƙusoshin ribit, da sanfefar goge ƙarfe, da gwangwanin fila na cike ramuka, da jan fentin nan mai hana tsatsa.

A kangon da ke jikin gidan ya yi aikin. Ya sa kurfi da guduma ya sare duk inda ya ruɓe, sai da ya kai ga ƙarfe mai lafiya. Ya auna da kwali, ya yanka ƙarfen firjin da almakashin kwano, ya lanƙwasa shi a bakin dakali. Na farko ya karkace, ya jefar ya sake wani. Ya huda, ya ɗaure da ribit, ya shafe da fila, ya yi ta gogewa har zanen yatsunsa ya shafe, sannan ya shafa fenti. Mako uku yana wannan. Masu wucewa masallaci suna yi masa sannu da aiki, ƙanwarsa Bahijja tana aiko masa da abinci yana barin rabi. Babu wanda ya hana shi, shi ma bai tambayi kowa ba.

Ranar rabo malamin unguwa ya ce komai sai an yi masa ƙima yadda yake a yau, saboda akwai marayu ƙanana a cikin magada. Aka sake kiran Nura. Ya zagaya motar sau biyu, ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa ƙasan ƙofar, ya miƙe yana kallon Baffa Ilu. Ya ce shi tsakaninsa da Allah wannan ba ita ce wadda ya gani ba, wannan mota ce, yana ma da mai saye. Farashin da ya faɗa ya fi ƙarfin kason Muttaka nesa ba kusa ba. Malamin ya ce to sai a sayar a raba.

Baffa Ilu ya ja shi gefe.

"Muttaka, wa ya ce ka taɓa ta kafin rabo?"

"Babu kowa, Baffa."

"Da ka bar ta da tsatsarta, da yau taka ce."

Baffa ya ce za a mayar masa da abin da ya kashe. Muttaka ya ce a bar shi kawai. Ya san ya kamata ransa ya ɓaci, ya tsaya yana jiran ɓacin ran, bai zo ba.

Washegari da hantsi mai sayen ya iso, wani Alhaji mai harkar ruwan leda. Ya shafa ƙasan ƙofar da tafin hannu, ya ce wanda ya yi aikin nan ya san hannunsa. Muttaka ya kwance mukullin daga jikin na ɗakinsa ya miƙa masa.

"Alhaji," ya ce, "ɓangaren hagu fentin bai gama bushewa ba. A bar shi kwana biyu kafin a wanke ta."