Injin Gyaɗar Yaya Tabawa

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu in na tuna sai in duba hannuna na dama.

Sunana Sallau. Shekara goma sha tara ina walda a bakin kasuwa kafin in shiga kwalejin fasaha koyon zanen injina da kwamfuta. Jibi zan gabatar da aikina na ƙarshe, zanen injin ɓare gyaɗa da na yi wa yayata Tabawa alkawari, domin da ƙuli-ƙuli take riƙe gidanta, ga shi yatsunta sun fara ciwo. In na faɗi, sai na maimaita shekara, ita kuma ta ci gaba da ɓara da hannu.

A mafarkin na isa makaranta da hantsi, ruwa na tashi daga ƙasa yana komawa sama. Ɗalibai sun juya lemominsu sun tsaya a ciki. Ni ban zo da lema ba, sai na naɗe ƙafar wando na wuce.

A ofishin rajista zabuwa ce zaune, sanye da tabarau.

"Hoto uku," ta ce. "Na gaba, na gefe, na sama."

"Hajiya, na gaba kawai na kawo."

"To ta yaya za mu san kana da kauri?"

Ta hau kan kabad da kanta ta ɗauke ni daga sama. Hoton ya fito hula da kafaɗu biyu. Ta ce a nan na fi kama da kaina.

Sai ga ni a ɗakin zane. Kwamfutoci duk a ɗaure a turke suna cin dusa, kowacce da linzamin gaske a bakinta. Malama Uwani, wadda ke koyar da mu, tana tsaye a kan tebur, tsawonta bai wuce kwalbar lemo ba.

"Malama, lafiya kika koma haka?"

"Ɗaya bisa goma nake yau, Malam Sallau. Ajin ya cika."

Ta zuba wa ƙirjina ido. A zanen inji, abin da ke ɓoye cikin ƙarfe da layi mai yanke-yanke ake nuna shi. Na sunkuya na ga irin layin nan a kan rigata, ya zagaye wani abu mai girman goruba.

"Wannan fa?" ta ce.

"Tsoro ne, Malama. Yaran ajin nan duk na haife su, kuma sun fi ni sauri."

"Ka rubuta awonsa a gefe, ka ci gaba da aiki."

Na rubuta. Da na gan shi da lamba, ashe bai kai yadda nake ji ba.

Na kama linzamin kwamfutata na fizga hagu, ta yi dama. Na sake fizga, ta kwanta. Malama ta ce ba ƙarfe ba ce, ba a yi mata da ƙarfi. Na sassauta hannu, ta miƙe ta kama tafiya. Na zana sandar da ke juya injin, na zana zoben da take shiga ciki. Ina gamawa suka sauko daga gilashin kwamfutar, suka yi sallama, suka zauna a benci. Ƙarata suka kawo wa Malama.

"Ranki ya daɗe," in ji sandar, "milimita ashirin ya ba ni, ashirin ya ba ramin zobe. Ta ina zan juya? Ko numfashi ba na yi."

Na ce a shago da hannu nake ji. In abu ya matse, sai in ɗan goga shi har ya shiga.

"Wanda zai ƙera wannan yana wani gari," in ji Malama, "bai taɓa ganinka ba. Hannun naka za ka aika masa a mota?"

Kafin in amsa, hannuna na dama ya sauka daga kafaɗa, ya ɗauki 'yar jaka, ya nufi tasha. Na bi shi da lallashi har bakin ƙofa. Da ya dawo na tambaye shi nawa yake gogewa duk shekarun nan. Ya murza yatsu biyu ya ce kaurin gashi guda.

"Ashe ka sani," in ji Malama. "Rubuta."

Na ƙara wa ramin ɗigo sifili biyar na milimita. Sandar ta shiga zobe ta juya sau uku, ta ce Allah ya saka da alheri.

Ɗakin jarrabawa tsakar gidan Yaya Tabawa ne, an dasa shi a tsakiyar kwalejin har da igiyar shanyarta. Ita ce babbar mai jarrabawa, zabuwa na riƙe da hatimi, Malama na zaune a gefen faranti. Injin na tsaye, sabo fil. Na kunna shi, Yaya ta zuba gyaɗa. Ya karɓa, ya ƙara wa kowacce ɓawo na biyu, ya miƙo mata da ladabi.

Zabuwa ta fara mayar da hatimi cikin jaka.

Yaya ta ɗauki ƙwara ɗaya ta jujjuya. "Sallau, tun kana yaro a baibai kake sa riga. Juya takardar zanen."

Na juya zanen, samansa ya koma ƙasa. Injin ya yi gyaran murya, gyaɗa ta fara zubowa ja, a ɓare, ba ko ɗaya da ta fashe. Kwano ya cika, buhu ya cika. Yaya ta miƙa hannu za ta taya shi, ta ga babu abin tayawa. Ta dubi yatsunta, ta ɗora su a cinya, ta zauna haka nan tana dariya ƙasa-ƙasa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannuwan nan a zaune ba.

Zabuwa ta shimfiɗa takardar shaidata, ta ɗaga hatimi ta buga. Ta sake bugawa. Ta ci gaba da bugawa, ni kuma ina tsaye da hannu biyu a miƙe ina godiya.

Na buɗe ido. Matata Lantana ce ke dakan yaji a bakin taga, rana ta riga ta hau katanga.

"Me ake rabawa ne kake ta cewa na gode?" ta ce.

"Da kin jinkirta minti ɗaya, da na karɓi takardata."

"Tashi ka karɓi kokonka tukuna, ya fara hucewa."