Kwallar Mastura

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekara guda bayan soja sun koma bariki. Tun asuba ruwa yake tsugawa a Agege, kwatoci sun cika sun tumbatsa, motocin haya na danfo na ratsa layi suna watsa wa mutane taɓo. A ranar ne Sunusi mai dabino ya ba ƙanensa Ridwanu wa'adi. Ya ce motar tumatir ta Alhaji Baballe za ta tashi daga kasuwar Mile 12 ranar Asabar ta koma Funtuwa, in har kafin nan bai kama wata sana'a ba, to, ya ɗaure kayansa ya hau.

Ridwanu bai yi musu ba, don ya san abin da ya ja masa. Ya yi dako ya bari. Ya yi okada ya kayar da wata mata a kwata. Ya yi gadi a gidan wani Bature a Ikeja har aka shigar da shi kicin, can ma ya yi faɗa da kuku aka sallame shi. Yanzu a barandar wansa yake kwana, a gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, yana cin tuwon Mastura matar wan nasa, ita kuwa tana bin kowace loma da ido.

Tsakaninsu akwai wasan ƙanin miji da matar wa, amma wasan ya daɗe da tsami. Takan kira shi Oga Kuku, shi kuma ya ce miyarta ko karen Agege sai ya yi tunani kafin ya lasa. Su yi dariya dukansu, kowa na nufin abin da ya faɗa har zuciya. In Sunusi ya ɗaure fuska, sai su ce ai wasa ne.

Abu ɗaya Ridwanu ya fito da shi daga gidan Baturen. Ya iya gasa ots, wannan hatsin gwangwani da ake damawa kamar kunu. Ana kwaɓa shi da bota da zuma, a zuba yankakken dabino da gyaɗa da kwakwa, a danne a faranti a gasa, sannan a yanka dogo-dogo. Ya ba Hamani mai shayi, wani mutumin Nijar mai tebur a bakin tasha, labarin wannan gashi. Hamani ya ce ya kawo ya ɗanɗana kafin Juma'a, in abin ya yi masa, zai ba shi gefen teburi kusa da burodi. Gefen teburin nan shi ne zamansa a Legas.

Ya sayar da rediyonsa ya sayo ots da bota da zuma. Dabino da gyaɗa da kwakwa kuwa daga baron tallan Sunusi ya roƙa, aka ba shi ana tsaki. Saura wurin gashi. Iya Kehinde, maƙwabciyarsu da ke yi wa 'ya'yanta kek, ta ce masa ba sai da tanda irin ta Turawa ba. Ya sami babbar tukunya ya zuba yashi a gindinta, ya jera duwatsu, ya ɗora farantin a kai, ya rufe ya sa a risho. Tukunyarta dai tana wurin 'yar uwarta a Mushin.

Da ya tambayi Mastura aron tukunya, tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Tukunyata ta abincin mutane ce, Oga Kuku. Ba a dafa dusar awaki a ciki."

"Anti, yini ɗaya fa. In na kama sana'a ai kin huta da ni."

"Ranar Asabar ma zan huta da kai, ba tare da na ba da aron komai ba."

Ta yi dariya, shi ma ya yi.

Washegari ta ci ado ta tafi suna a Idi-Araba. Ya auna tukwanenta duka, babu wadda farantin zai shiga. Sai idonsa ya kai kan kabet, inda jeren kwanoninta yake tun daga babba har ƙarami. A ƙasan jeren akwai wata kwalla fara mai jajayen furanni, mai faɗin baki, da murfinta. Ta mahaifiyarta ce, da ita aka yi wa marigayiyar jere, aka kuma yi wa Mastura. Ba ta taɓa ganin wuta ba, ko ruwa ba a zuba mata, gogewa kawai ake yi duk Juma'a. Ridwanu ya san duk wannan. Ya ce a ransa ƙanin miji ai yana ɗaukar kayan matar wa, in ta yi magana ya ce wasa ne. Kafin ta dawo ma ya wanke ya mayar.

Ya ɗebo yashi a gindin wani gini, jiƙaƙƙe sharkaf, ya zuba a kwallar ya ɗora a risho a bakin baranda, ya ƙure wuta don ya bushe. Matasan da ke zaman benci a ƙofar gida suka hango shi yana kwaɓi da hannu. Wani ya kira shi Hajiya, ya tambaya ko za ta sa su a cikin rabo, wani ya ce a nemo masa zane ya ɗaura. Ya haɗiye zolayar. Ya cire ƙwallon dabino ɗaya bayan ɗaya, ya murje ɓawon gyaɗa ya hure, ya kankare kwakwa, ya narka bota da zuma har suka haɗe. Ya danne kwaɓin a faranti da bayan cokali, ya jera duwatsu a kan yashin, ya ɗora farantin, ya rufe.

Can ya fara jin ƙas, ƙas, daga gindin kwallar. Ya ɗauka duwatsu ne ke amsa zafi. Ƙamshi ya tashi ya cika gidan, har 'yan benci suka daina zolaya. Da ya buɗe, sai ga abu ya yi ja, gefe-gefe ya ɗan ƙone daidai yadda ake so. Ya bar shi ya huce, ya yanka, bai farfashe ba. Ko a gidan Baturen bai taɓa yin mai kyau haka ba. Ya hana kansa ko ɗanɗane, ya ce Hamani ya ga farantin cike.

Sai da ya zubar da yashin ya juya kwallar ya ga aika-aikar da ya yi. Gindin ya yi baƙi ƙirin, ya lotsa. Fentin ya tsattsage ya ɓamɓare har rabin jiki, furannin sun zube, ƙarfe tsirara ya fito. Ya sa toka da soson ƙarfe, yana gogawa wani fentin na ƙara zuba. Yana durƙushe a kanta Mastura ta shigo, gyale a kafaɗa.

Ta tsaya ta dubi kwallar, ta dubi farantin. Ya san yau babu zancen wasa. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta ɗauki farantin da hannu biyu, ta fita tsakar gida, ta kira yaran gidan da na maƙwabta da Hausa da Yarbanci.

"Ku zo ku karɓi sadaka. Ta Innata ce. Kowa ya ci ya ce Allah Ya jiƙanta."

"Anti, don Allah ki bar mini ko guda biyu."

"Sadakar mamaci za ka ƙwace a bakin yara, Ridwanu? Bismillah, ga su nan."

Wannan ne karo na farko da ta kira shi da sunansa tun zuwansa gidan. Ya tsaya hannu duk toka, 'yan benci sun leƙo, Iya Kehinde ta fito bakin ƙofa. Babu yadda za a yi namiji ya fizge sadaka a gaban jama'a. Yaran suka ci suna lashe yatsu, suna Allah Ya jiƙan Inna, ƙanana na tambayar ko gobe ma za a yi. Mastura ta karkaɗe ɓurɓushin a tafin hannun wata yarinya, ta ajiye masa farantin a gabansa.

Da la'asar ya je wurin Hamani hannu wofi, ya rantse masa cewa abin ya yi kyau, a tambayi yaran layi. Hamani yana juya shayi daga kofi zuwa kofi, ya ce shi ba a ɗanɗana masa labari, kuma wata mai cincin ta riga ta yi masa maganar gefen teburin. Ya ce in ya sake gasawa ya kawo su gani. Ridwanu ba shi da sauran ots, ba shi kuma da wani abin sayarwa.

Sunusi ya dawo da baro bayan magariba, ya tarar da kwallar a tsakiyar ɗaki inda matarsa ta ajiye masa. Ya dubi gindin kwallar. Bai tambayi ba'asi ba. Ya ce wa ƙanensa ya riga ya ga direban Alhaji Baballe, ya kasance a Mile 12 da wuri, don motar ba ta jira.

Ranar Asabar Ridwanu ya hau bayan mota ya zauna cikin kwandunan tumatir da aka juye, ruwa na yayyafi. Mastura ba ta fito sallama ba. Abin da aka rasa a gidan nan a makon shi ne kwalla ɗaya, rediyo ɗaya, gwangwanin ots, kwalbar zuma, mudun dabino, rabin mudun gyaɗa, gefen teburin Hamani, da mutum ɗaya a baranda.