Kuskuren Ganganci

Kullum da tsakar rana, in matarsa ta fito hutu a asibitin da take aikin jinya a ƙasar waje, Dogo yakan ajiye zarto, ya karkaɗe garin katako daga hannunsa, ya jingina waya da gwangwanin ƙusa. Sai fuskarta ta fito, da farar riga da kofin shayi.

Ba za a ba shi izinin bin ta ba sai ya ci jarrabawar Turanci. Ya taɓa zama, ya faɗi a ɓangaren magana. Tun ranar ta kafa doka: ba Hausa a waya. Gaisuwa da Turanci, tambayar jikin mahaifiyarsa da Turanci. Matar da a da takan zauna a bencin shagon nan tana yi masa tsiya, wai kujerunsa sun yi kama da shi, ƙafa ta fi hankali tsawo.

Makon nan darasin "pick up" suke. Ta ce da shi ake tsintar abu a ƙasa, da shi ake ɗauko mutum a mota, da shi ake amsa waya. Kasuwa in ta farfaɗo, shi ne. Mara lafiya in ya fara samun sauƙi, shi ne.

"Kalma biyu, sai aikin jaki," in ji yayansa, da suke shago ɗaya.

Rana ta farko Dogo ya rikice da gaske, ya haɗa jimla ba kai ba gindi. Haƙurinta ya ƙare.

"Wai Dogo, kan nan naka katako ne? Yanzu-yanzu fa na gaya maka."

Da Hausa ta faɗa, da irin jan muryar nan tata. Ya ji kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a kulle. Har yamma yana goge ƙofa ɗaya, yana maimaita faɗan a ransa.

Washegari ya ɓata jimlar da gangan. Ta yi faɗa. Kashegarinta ya ɓata biyu.

Yaya ya lura. "Bature, da safe na ji ka kana zuba wa katako Turanci tiryan-tiryan. Da madam ta kira sai ka koma ɗan aji ɗaya."

"Yaya, kama aikinka."

"Na kama. Kai dai ka sani."

Ana saura kwanaki kaɗan jarrabawa ta kira, babu kofin shayi. Da Hausa ta fara, a sanyaye.

"Na ɗage maka zaman. Sai baɗi."

Dogo ya tsaya da guduma a hannu.

"Ba ka shirya ba. In ka sake faɗuwa, ban san yadda zan yi da raina ba. Kuma laifina ne, ban iya koyarwa ba, sai masifa."

Ya ajiye gudumar. Ya buɗe baki da Turanci yana jera jimlolin "pick up": ya tsinci ƙusa a ƙasa, ya ɗauko matarsa daga filin jirgi, ya farfaɗo da kasuwa, ya tashi mara lafiya, har da wata ma'anar da ba su kai gare ta ba, ta koyon harshe a bakin mutane. Ko tuntuɓe bai yi ba. Yaya ya ɗauki awonsa ya fita waje.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Tun yaushe?"

"Tun kwana na biyu."

"Don me?"

"In na yi daidai, kai kawai kike gyaɗawa. In na ɓata, kina yi mini magana."

Ta rufe bakinta da hannu. Wata ma'aikaciya ta wuce ta bayanta tana tura gadon mara lafiya.

"A maido da ranar mana," ya ce.

"An ba wani gurbin. Da safe na tambaya, da na ji zuciyata ba ta kwanta ba."

Baɗi da nisa, su duka sun sani.

Ta duba agogon da ke maƙale a ƙirjinta, ta goge ido da bayan hannu.

"Hutuna ya kusa ƙarewa. Ba ni labarin gida, wawan Allah."

Ya zauna a kan bencin. Can ya ce rufin ɗakinsu ya fara yoyo, daidai gefen gadon da take kwanciya, kuma har yau bai gyara ba.