Nauyin Buhu Guda

Ranar da likita ta tambayi Hajiya Hure nauyin da take fatan ta tsaya a kai bayan an yi mata aiki, ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Ɗari."

Likitar, wata doguwar mata mai suna Rashida a wani asibiti a Abuja, ta ɗago ta dube ta. A lokacin Hure kilo ɗari da hamsin da takwas take. Ga ciwon suga, ga hawan jini, ga gwiwoyi da suka daina jin magana. Salla ma a kan kujera take yin ta.

"Hajiya, gara in gaya miki gaskiya tun ba a shiga da ke ba," in ji likita. "Za mu rage miki tumbi, abinci ɗan kaɗan zai riƙa isar ki. A watannin farko za ki zube sosai, daga baya jiki zai ja birki. Mai irin jikinki, in ta sauko ɗari da goma ko da sha biyar, mun gode wa Allah. Me ya sa ke sai ɗari?"

"Haka nan dai," in ji Hure, tana gyara bakin hijabi.

Ba haka nan ba ne, Allah ya yafe mata. Dalili na nan, kunya ce ta danne shi.

Hure a Gummi take aure, gidan Alhaji Mas'ud mai fataucin hatsi. Amma mahaifiyarta, Inna Marka, tana wata 'yar tunga can bayan Gwashi, tsohuwa tukuf, idanunta sun daɗe da rufewa. An yi an yi ta dawo gari ta ƙi. Ta ce nan aka binne mijinta, nan za a binne ta, wanda ya matsu da ganinta ya zo. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin kuwa, mota ta daina shiga. Daga Bukkuyum sai babur, shi ma sai mai ƙarfin hali.

Shekarun baya Hure ta taɓa gwadawa. Mota ta sauke ta Bukkuyum da tsarabarta, ta nufi inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Wallahi suna hango ta kowa ya sami abin yi. Wannan ya duƙa duba taya, wancan ya tuna bai yi alwala ba. Namadi kaɗai ya tsaya, magidanci ɗan tungarsu, wanda ta sani tun yana goye. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Hanyar ga buhu guda muka ɗauka, ba mu ƙarawa. In anka biyo mu, da ni da ke duk mun tahi."

Wani mai shayi a gefe ya ƙyalƙyale da dariya, Allah ya shirye shi. Hure ta miƙa wa Namadi tsarabar ya kai wa Inna, ta koma mota ta yi kuka har Gummi. Ita matar mai hatsi ce, ba sai an gaya mata nauyin buhun gero ba. Kilo ɗari ne. Tun daga ranar lambar nan ta zauna mata a rai, ko mijinta ba ta gaya wa ba.

Aka yi aiki lafiya. Ta dawo gida ta fara da ruwan romo da tsinkakken kunu, cokali-cokali kamar jinjiri. Jiki kuwa ya kama zubewa. Zanen da da kyar yake haɗuwa ya koma sai ta ninka shi. Zobenta ya faɗa cikin kwanon wanke-wanke. Matan unguwa, waɗanda ba a raba su da abin faɗa, suka fara shigowa dubiya da fuskar ta'aziyya, wata har da ƙullin maganin ƙiba a bakin zane. Hure ta karɓa ta gode, ta zuba a shara.

Aka rage mata maganin suga, aka sake ragewa. Wata rana da la'asar ta ture kujerar sallarta gefe, ta yi ruku'u, ta kai goshinta ƙasa. Ta daɗe a sujadar nan tabarma na jiƙewa. Ka ce wannan ya isa mutum godiya, ko? Ina! Tana sallamewa ta leƙa ko ma'aikatan Alhaji sun tafi masallaci, ta lallaɓa rumbun ajiya da ke zaure, ta hau sikelin da ake auna buhuna.

Sikelin nan shi ya zama alƙalinta. Ya yi ta sauka yana faranta mata, har ya zo ɗari da sha biyu. Nan ya kafe. Sati ya zo ya wuce, wata ya bi bayansa, allura ko gezau. Ta hau da safe, ta hau da yamma, ta cire takalmi, ta cire hijabi, har numfashi take fitarwa duka kafin ta duba. Ɗari da sha biyu.

Ta kira likita a waya.

"Hajiya, ai barka zan yi miki," in ji Likita Rashida. "Nan ne muka yi fatan ki kai. Ki ci ƙwanki da kifinki da wakenki, ki sha ruwa, ki riƙa tattaki. Wataƙila ki ƙara sauka kaɗan, wataƙila jikinki ya sami wurin zamansa ke nan. Kada ki matsa masa."

Hure ta ce to. Irin "to" ɗin da ake faɗa don a kashe waya.

Ana cikin haka, damina ta ja baya, Namadi ya shigo Gummi sayen kayan babur, ya biyo da saƙo ta hannun Alhaji. Inna ba lafiya. Ta daina cin tuwo, fura ma sai an yi da gaske. Ba ta kiran sunan kowa sai Auta, don haka take kiran Hure.

Abin da Hure ta yi bayan nan, ni dai har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ta daina cin ƙwan, ta daina cin kifin. Ta aika aka sayo mata ganyen filasko a kasuwa, wanda ake sha don wanke ciki, ta dafa shi baƙi ƙirin ta riƙa kurɓa. Mace mai tumbi kamar ɗan kofin shayi! Ta wuni tana zarya bayan gida, ta kwana, ta sake wuni. Leɓunanta suka bushe, idanu suka faɗa. Ta rarrafa ta hau sikeli, ya nuna ɗari da bakwai. Ta yi murmushi, ta sauko, ta taka zuwa bakin famfo, sai ƙasa ta juya da ita.

A gadon asibiti ta farka, ana yi mata ƙarin ruwa. Alhaji Mas'ud na tsaye a kanta, mutum mai sanyin hali, amma ranar hularsa ma a karkace take.

"Hure, kashe kanki za ki yi? Mi munka yi miki? Mi kika nema wanda ba ki samu ba?"

Ta dubi ledar ruwan da ke ɗiga cikin hannunta. Duk abin da ta zubar da wahala ga shi ana mayar mata. Nan ta fashe da kuka, ta gaya masa komai, tun daga tashar Bukkuyum har dariyar mai shayi.

Alhaji ya fita ya sa aka nemo Namadi.

Namadi ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa. Da Alhaji ya maimaita masa maganar, sai ya dafe kai ya yi salati.

"Hajiya, don Allah maganar buhun nan ta kinka riƙe duk shekarun ga?"

"Kai kac ce buhu guda."

"Na ce, wallahi na ce. Amma ba nauyi na nika gudu ba. Na sha ɗaukar ƙatti biyu ga babur ɗin nan. Hanyarmu akwai yashi, akwai rafi, dole mutum shi sauka shi taka da ƙahwa tai. In kuma anka ji motsi, a yada babur a shige dawa da gudu. Ran nan ina kallon ki, daga mota zuwa inuwa sai da kinka tsaya hutu. To ni ina ni ina duban tsabar idonki, kina warin yayata, in ce miki ba ki iya tahiya? Shi na na laɓe ga buhu."

Kai, kunya! Shi ta hana shi faɗin gaskiya, ita ta hana ta sake tambaya. Ga mace ta yi watanni tana taka ƙafarta har kasuwa ta dawo ba haki, tana zaune tana jiran allurar sikeli ta ba ta izinin ganin uwarta.

"Yanzu kina iya tahiya?" in ji Namadi a hankali.

"Ina iyawa."

"To ki ci abinci ki yi ƙarfi. Ran da kinka shirya, ni ad da ɗaukar ki."

Ta ci kuwa. Ƙwai, romon kifi, ɗan wake, tana ci tana addu'ar Allah ya sa kada ta makara. Kwanakin nan da ta yi tana mayar da ƙarfin da ta zubar da hannunta sun fi mata duk watannin baya tsawo. Ko wayar Alhaji ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi.

Da hantsi suka bar Bukkuyum. Ta hau bayan babur ta riƙe ƙarfen baya gam. Suka ratsa gonakin dawa da ta yi kai, suka wuce wata ruga da ba kowa sai turakun shanu. Da suka zo yashi Namadi ya tsaya, ta sauka ta taka, ƙafa na nutsewa, zufa na bin bayanta. Ta tattare zane ta ratsa rafi. Can gaba ya waiwayo ya ga tana biye da shi, ya gyaɗa kai.

Sai da rufin tungar ya bayyana sannan ya ce, "Hajiya, kin san dai Inna ba ta san an yi miki aiki ba."

Ta sani. Ita ta hana a faɗa. Ba a gaya wa tsohuwa an sa wa ɗiyarta wuƙa, sai a ce tana lafiya tana gaisuwa.

Inna Marka na kwance a kan tabarma a ɗakinta, ta ƙanƙance kamar yarinya. Hure ta yi sallama. Tsohuwar ta ɗago kai.

"Wa na nan?"

"Ni ta, Inna. Auta."

"Auta? Auta tawa? Matso in ji ki."

Hure ta durƙusa. Hannuwan Inna suka hau fuskarta suna lalube, suka sami ƙashin kumatu inda da tsoka take. Suka gangara wuya, suka tsaya a kan ƙasusuwan da ba su taɓa sani ba. Suka kama damtse, fata ta taho a hannu sakwaf, ba komai a ciki. Tsohuwar ta janye hannu kamar ta taɓa wuta.

"Murya dai ta Auta ta," ta ce. "Ina sauranki?"

"Inna..."

"Wane ciwo na yac cinye min ke anka ɓoye min? Ko Alhaji ya daina ba ki abinci? Ki hwaɗa min gaskiya, mutuwa za ki yi kiz zo bankwana?"

"Lahiyata lau, Inna, na rantse. Na hi can baya lahiya. Aiki anka yi min a asibiti, anka rage min tumbi. Sugan ya sauka, ina salla da goshina ƙasa. Da ƙahwata na ratso rafi yanzun nan."

"Anka yanka ki."

"Anka yanka ni."

"Kina sane, kinka kwanta anka yanka ki."

"Ba a ɗaukata ga babur, Inna. Ina son in gan ki."

Hawaye suka fito daga idanun nan na Inna da ba su gani, suka bi tamojin fuskarta. Baƙin ciki take yi, kuma ba ta ɓoye ba. Jikin nan ita ta gina shi, da nononta da furarta da man shanun da take karɓa wurin Fulani, tana alfahari da shi a gidan biki. Yanzu an je wani gari an rage shi ba da saninta ba.

Ta sa aka dama fura. Hure ta kurɓi ludayi ɗaya, ta ƙara rabi, ta ajiye. Inna ta ji ƙarar ludayin a bakin ƙwarya.

"Ƙara."

"Ba ni iyawa, Inna. Iyakata ke nan, har ƙarshen raina."

Tsohuwar ta yunƙura ta tashi zaune, abin da aka ce ta kwana biyu ba ta yi ba, ta buɗe hannuwa. Hure ta shige ƙirjinta. Hannuwan nan biyu busassu suka zagaye ta, suka yi ta tafiya har yatsun suka haɗu a bayanta suka sarƙe. Rabon da su haɗu tun Hure na budurwa.

Inna ta ƙanƙame ta, ta kai baki saitin kunnenta.

"Kilo nawa kike yanzu?"

"Ɗari da goma sha wani abu."

"To tsaya nan. Kar ki ƙara raguwa ko da ƙwara guda. Abin ga da yar rage nau na."